Once Upon a Time: Yadda Tatsuniya ta Kutsa Gidan Allolin Girkawa

A daren Lahadi, 6 ga Maris 2016, tashar ABC ta Amurka ta haska kashi na 100 na fim ɗinta mai dogon zango, Once Upon a Time. Duk wanda ya kunna talabijin a daren ba tare da sanin inda aka kwana ba, zai rantse finafinai uku aka gwama a faifai ɗaya. Ga Snow White, yarinyar nan ta tatsuniyar Jamusawa da matar ubanta ta bai wa tuffa mai guba. Ga matar uban da kanta a gefenta, sun shirya. Ga Robin Hood, ɗan fashin dajin Ingila mai ƙwace wa masu hali ya raba wa talakawa. Dukansu sun sauko daga kwalekwalen Charon, mai fiton matattu a tsofaffin labaran Girkawa, sun taka ƙasar da ba a dawowa, wai sun zo ne su ɗauki Kyaftin Hook na labarin Peter Pan su mai da shi gida. Mai ƙasar kuwa, Hades, yana hakimce cikin kwat, ana gyara masa farcen ƙafa.

Wannan gamin gambiza shi ya riƙe masu kallo shekara bakwai, daga 23 ga Oktoba 2011 zuwa 18 ga Mayu 2018, zango bakwai, kashi 155.

Garin da agogo ya tsaya

Edward Kitsis da Adam Horowitz ne suka ƙirƙiro fim ɗin. Dukansu marubuta ne a Lost, wanda ABC ta haska daga 2004 zuwa 2010, kuma daga can suka taho da salonsu: kowane kashi ana tafiya da labari biyu, na yau da na da, ɗaya yana warware ɗaya.

Labarin ya soma ne da Muguwar Sarauniya, Regina, matar uban Snow White, wadda ta rasa yadda za ta yi da ita, sai ta yi wani gagarumin asiri da ya kwashe mutanen ƙasar tatsuniya kaf ya zube su a wani ƙaramin gari mai suna Storybrooke a jihar Maine. Kusan kowa ya manta ko shi wane ne. Snow White ta zama malamar firamare, mijinta yana kwance asibiti bai san inda kansa yake ba, Rumplestiltskin mai kaɗa ciyawa ta zama zinariya ya koma mai shagon jingina, ita kuwa Regina ta zama magajiyar gari. Agogon tsakiyar gari ya tsaya cak a ƙarfe 8:15 har shekara 28. Cikin waɗanda suka tsira akwai jaririyar Snow White, wadda aka fitar ta cikin kabad na sihiri kafin asirin ya sauka. Ita ce Emma Swan, wadda ta girma a hannun marika daban-daban, ta zama mai farauto waɗanda suka gudu bayan an ba da belinsu a birnin Boston. Ranar da ta cika shekara 28, wani yaro ɗan shekara goma ya ƙwanƙwasa mata ƙofa da ƙaton littafi a hannu, ya ce shi ne Henry, ɗan da ta haifa ta bayar riƙo.

Jennifer Morrison ce ta fito a Emma, Ginnifer Goodwin a Snow White, Lana Parrilla a Regina, sai ɗan Scotland Robert Carlyle a Rumplestiltskin. Babu garin Storybrooke a taswira. An ɗauki fim ɗin ne a Steveston, tsohon ƙauyen masunta kusa da Vancouver a Kanada. Kusan mutum miliyan 13 suka kalli kashin farko a Amurka.

Akwai kuma maganar kasuwa. Tatsuniyoyin 'yan'uwan nan biyu, Jacob da Wilhelm Grimm, waɗanda suka fara fitowa a 1812, ba su da mai haƙƙin mallaka a yau, haka ma labaran Girkawa. Amma kamannin da yara suka sani, irin su rigar Belle ta Beauty and the Beast da sunayen wadannin nan bakwai, na kamfanin Disney ne, kuma ABC mallakar Disney ce tun 1996. Saboda haka marubutan suka samu makullin rumbu a hannunsu, suka yi ta ɗiba.

Girkawa sun shigo ta ƙofar baya

Tun kashi na shida na zangon farko Girkawa suka leƙo. Wani sarki da baitulmalinsa ya ƙare ya ƙulla yarjejeniya da Sarki Midas, mai hannun da duk abin da ya taɓa sai ya koma zinariya, shi ya sa ba ya rabuwa da safar hannu. Daga baya aka ga wani bajimin soja mai suna Frederick, masoyin 'yar Midas, ya daskare ya zama gunkin zinariya saboda hannun sarkin ya shafe shi a wurin kare shi daga 'yan kwanton ɓauna.

Midas na asali sarkin Phrygia ne, a tsakiyar ƙasar Turkiyya ta yanzu. A yadda mawaƙin Rum Ovid ya kawo labarin a Metamorphoses, shi da bakinsa ya roƙi wannan baiwa, sai ga gurasa da ruwan sha suna zama zinariya a bakinsa. Da yunwa ta ishe shi ya nemi tuba, aka ce ya je ya yi wanka a kogin Pactolus, wai shi ya sa yashin kogin yake da zinariya. A wurin Ovid babu wani ɗan Adam da ya daskare. Marubucin Amurka Nathaniel Hawthorne ne, a littafin da ya rubuta wa yara a farkon shekarun 1850, ya yi fice da labarin 'yar sarki da ta zama zinariya da ubanta ya taɓa ta. Wato Midas ɗin da ya iso talabijin ya riga ya bi ta hannun masu ba yara labari.

Daga nan sai ƙofa ta buɗe. A zango na uku Snow White ta bar shagalin amarci ta tafi farautar Medusa, mai macizai a madadin gashi, wadda kallonta ke mai da mutum dutse. A labarin Girkawa jarumi Perseus ya yi amfani da ƙyallin garkuwarsa ne don kada su haɗa ido, sannan ya fille mata kai. A fim ɗin Medusa ce ta ga kanta a garkuwa ta sandare. A zangon ne kuma aka nuna jirgin ruwa mai filafilin da aka saƙa da gashin fiffiken doki Pegasus, da akwatin Pandora, wanda aka mai da shi kurkukun kulle mugaye, alhali a wurin mawaƙi Hesiod ƙatuwar randa ce da aka buɗe masifu suka watsu a duniya. A zango na huɗu aka ce Ursula, mayyar teku ta fim ɗin Disney, 'yar Poseidon ce, abin bautar teku na Girkawa, kuma ubanta yana amfani da zaƙin muryarta wajen jawo jirage su dagargaje a duwatsu. Wannan aikin Siren ne, matan nan masu jikin tsuntsu da Odysseus ya tsallake ta hanyar toshe kunnuwan matuƙansa da kakin zuma, shi kuma aka ɗaure shi a jikin tirken jirgi.

Dangin juna ne tun asali

Abin da ya sa ɗinkin bai fito fili ba shi ne, ƙyallayen biyu daga masaƙa ɗaya suka fito.

A ƙarni na biyu bayan haihuwar Annabi Isa (AS), wani ɗan Arewacin Afirka mai suna Apuleius, haifaffen Madauros a ƙasar Aljeriya ta yanzu, ya rubuta littafi da Latinanci wanda ake kira Jakin Zinariya. A tsakiyarsa wata tsohuwa, kukun 'yan fashi, tana lallashin wata budurwa da aka sato, sai ta ba ta labarin Cupid da Psyche. Psyche ce autar 'ya'yan sarki mata uku, kyanta ya sa mutane suka daina zuwa wurin bautar Venus, Venus ta cika da kishi. Aka kai yarinyar wata fada inda hadiman da ba a gani suke mata hidima, mijin da ba ta taɓa ganin fuskarsa ba yana zuwa da dare. Yayyenta suka zuga ta cewa dodo ne, ta kunna fitila don ta gani, ɗigon mai ya ƙona masa kafaɗa, ya gudu. Venus ta ɗora mata ayyuka, na farko ta tsince tarin hatsi iri-iri da aka cakuɗa, tururuwa suka taimake ta. Na ƙarshe ta sauka duniyar matattu, da kuɗin fiton Charon da wainar toshe bakin kare Cerberus, ta karɓo wani akwati. Ta buɗe shi a hanya, barci mai kama da mutuwa ya ɗauke ta, har masoyinta Cupid ya zo ya tashe ta.

Mai kishin kyan yarinya ga ta a Snow White. Miji mai kama da dodo a fadar sihiri shi ne Beauty and the Beast, wanda Madam de Villeneuve ta wallafa a Faransa a 1740. Tsince hatsi ga shi a Cinderella ta Grimm, inda tsuntsaye suka yi aikin tururuwa. Ita kanta Cinderella tana da yaya a rubutun Strabo, masanin ƙasa Bagirke, wanda ya kawo labarin Rhodopis: gaggafa ta sure takalminta tana wanka, ta yar a cinyar sarkin Masar a Memphis, sarki ya sa aka bi ƙasa ana neman mai takalmin, ya aure ta.

A watan Janairun 2016, Sara Graça da Silva da Jamie Tehrani suka wallafa bincike a mujallar Royal Society Open Science. Sun bi sawun tatsuniyoyi a harsunan Turai da Indiya da dabarun da masana halittu ke bi wajen gano dangantakar jinsuna, suka kiyasta cewa jigon Rumplestiltskin da na Beauty and the Beast sun kai shekara 4,000. In haka ne, sun girmi mawaƙin Girkawa Homer.

Ga makarancin Hausa wannan haɗe-haɗe ba baƙo ba ne. A Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Grimm da Alfu Laila wa Laila da sauran wurare, ya yi musu riga da wando na gida, ya sa su a bakin aku.

Hades na Girkawa da Hades na talabijin

Inda zumuncin ya fara tsami shi ne ƙasar matattu.

A wurin Girkawan da, Hades ba Shaiɗan ba ne. Ɗan Cronus ne, ɗan'uwan Zeus da Poseidon. Da suka kayar da ubansu suka jefa ƙuri'a, Zeus ya samu sama, Poseidon teku, Hades ƙarƙashin ƙasa. Ba ya ruɗin kowa, ba ya farautar rayuka, ai kowa zai zo da ƙafarsa. Aikinsa tsaron ƙofa. Babban abin da ake tuna shi da shi shi ne sace Persephone, 'yar Demeter, da ba ta 'ya'yan rumman ta ci, abin da ya wajabta mata komawa wurinsa wani ɓangare na kowace shekara. Da wannan Girkawa suke fassara mutuwar tsirrai da farfaɗowarsu.

Mugun Hades mai harshen wuta shuɗi a ka daga fim ɗin zane na Disney, Hercules, na 1997 ya fito, kuma shi Greg Germann ya ɗauko. A Once Upon a Time, Zeus ya tsayar da zuciyar Hades ya kulle shi a ƙasa, ba za ta sake bugawa ba sai da sumbar masoyiya ta gaskiya. Wannan magani ne na tatsuniya zalla, tatsuniyar ma ta Disney, domin a littafin Grimm ba sumba ce ta tashi Snow White ba, girgizar akwatin gawa ce ta fitar da guntun tuffar daga maƙogwaronta. Gurbin Persephone kuwa Zelena ce ta maye shi, koriyar mayyar labarin Oz, wadda Rebecca Mader ta fito a matsayinta. Don ita Hades ya gina ƙasarsa da siffar Storybrooke, sai dai sama ja ce, hasumiyar agogo ta rushe tana kwance a titi. Dabara ce da ta yi wa masu shirya fim rana, tunda a titunan Steveston ɗin dai aka ci gaba da ɗauka.

Marubutan sun riƙe wasu abubuwa na asali. Kogunan nan biyar na ƙasar matattu suna nan, har da Lethe, wanda ruwansa ke shafe tunani, kuma da shi uwar Regina da Zelena ta sa suka manta cewa sun taɓa sanin juna a ƙuruciya. Amma tsarin wurin ba na Homer ba ne. A fim ɗin, waɗanda suka mutu da sauran lamari a wuya ne suke zama a can, in sun warware shi su haye gada zuwa wuri mafi kyau, ko su faɗa wuta. A Odyssey ta Homer kuwa matattu inuwoyi ne marasa ƙarfi, babu inda za su, har jarumi Achilles ya nuna wa Odysseus cewa zama ɗan ƙodago a duniya ya fi masa sarautar matattu.

Hercules ma an yi masa wanka. Na asali haukan da Hera ta jefa masa ya sa ya kashe 'ya'yansa, a wasan kwaikwayon Euripides har da matarsa Megara, kuma ayyukan nan goma sha biyu da Sarki Eurystheus ya ɗora masa, na ƙarshensu shi ne kamo Cerberus. Hades ya yarje masa bisa sharaɗin kada ya yi amfani da makami, ya kamo karen da hannu, ya nuna, ya mayar. A fim ɗin Hercules saurayi ne mai kunya da ya koya wa Snow White harbi da baka a ƙuruciyarta, karen ne ya kashe shi. Sai da shi da Snow White da Megara suka soki kawunan karen uku a lokaci guda suka ga bayansa.

Wa ya yi rinjaye?

Tatsuniyar Turawa, musamman bayan ta bi ta hannun Disney, alkawarinta shi ne za a ƙare lafiya. Labarin Girkawa mafi yawa ba ya yin wannan alkawari. Orpheus ya sauka neman matarsa Eurydice, kiɗansa ya sanyaya zuciyar Hades da Persephone, aka ba shi ita bisa sharaɗin kada ya waiwaya sai sun fita. Ana dab da fita ya waiga, ta koma har abada. Akwai 'yan kaɗan da suka kuɓuta, irin su Alcestis da Hercules ya ƙwato daga hannun Mutuwa a wasan da Euripides ya gabatar a shekara ta 438 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), amma ana ba da labarinsu ne saboda ba a saba gani ba.

Once Upon a Time ya juya labarin Orpheus. A cikinsa an ce ma'auratan sun fita lafiya, domin Eurydice ta ci abincin alloli. Emma da masoyinta Hook suka bi sawu. A bakin ƙofa aka ɗora zuciyar Emma a ma'auni, al'adar da ta fi kusa da aƙidar Misirawan da fiye da ta Girkawa. Suka shiga, suka tarar Hades ya riga ya sare bishiyar abincin allolin. Dole Emma ta hau sama ita kaɗai.

Da a nan aka tsaya, da Girkawa sun ci gari. Mako ɗaya kacal bayan haka, a kashin 8 ga Mayu 2016, Zeus da kansa ya bayyana ya mai da Hook duniya, ladan taimakon da ya bayar aka kayar da Hades. Masu wasan kwaikwayon Athens sun san wannan dabara sarai, don su ma sukan sauko da abin bauta da ƙugiya daga saman dandali ya warware abin da ya cije, kuma tun wancan zamani Aristotle ya soki yin haka.

Sai dai fim ɗin yana da dokar da Rumplestiltskin ke nanatawa, cewa sihiri ba ya zuwa kyauta. A kashin da Hook ya dawo, a cikinsa Hades ya auna Regina da wani makami na dutsen Olympus, masoyinta Robin Hood ya tare, ya mutu, Hades yana cewa wanda makamin ya sama ko ruhinsa ba ya saura. Zelena ta ɗauki makamin ta kashe masoyin nata da shi. Emma ta samu nata, Regina, wadda ta daɗe tana tuba, ta tashi a tutar babu. Masu kallo da yawa sun fusata, suna tambayar dalilin da mutuwa za ta saki wani ta riƙe wani. Tambayar da ta dame su ita ce wadda labaran Girkawa suka ginu a kai, kuma marubutan ba su janye ba. Sean Maguire, wanda ya fito a Robin Hood, ya sake fitowa a zango na shida, amma a matsayin wani Robin daban daga wata duniyar, wanda bai san Regina ba.

A zango na shida an ƙara taɓa Girkawa da almakashin matan nan uku masu kaɗa zaren ƙaddara, su auna shi, su yanke. A hannunsu na asali almakashin yanke rai yake yi. A fim ɗin Aladdin ya yi amfani da shi ya yanke ƙaddarar da ba ya so, abin da ko Zeus bai yi wa ɗansa Sarpedon ba a Iliad, inda ya bar shi ya mutu a fagen yaƙi yana kallo.

Bayan nan kasuwar ta fara ja baya. Morrison da Goodwin da Josh Dallas, wanda ya fito a mijin Snow White, da wasu manyan jarumai suka bar fim ɗin a ƙarshen zango na shida. Zango na bakwai ya koma wata unguwa a Seattle da Henry babba, aka ɗauke shi daga daren Lahadi zuwa Juma'a, a Fabrairun 2018 ABC ta sanar da cewa shi ne na ƙarshe. An rufe da naɗa Regina sarauniyar dukkan ƙasashen labari, wannan karon da yardar jama'a.

Disney ba ta rabu da Girkawa ba. A Disamban 2023 ta fara haska Percy Jackson and the Olympians a manhajar Disney+, daga littattafan Rick Riordan da na farkonsu ya fito a 2005. A can ma yara uku sun sauka ƙasar matattu, suna zargin Hades da sace tsawar Zeus. Da suka isa gabansa suka tarar bai san zancen ba, shi ma hular ɓacewarsa aka sace yake nema.